Burotsu, likitan da ya tsamo magani daga bakin kwata

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kanta a saidaliyya, wato kantin magani kamar yadda muke ce masa a nan Sudan, ya ga wasu magunguna da farkon sunansu iri ɗaya ne: sefaleksin, sefiksim, sefuroksim, sai kuma 'yar'uwarsu ta allura, seftiriyakson. 'Yan gida ɗaya ne, sunan gidan sefalosforin. Daga Mai Wurno zuwa Sinnar, daga Sinja zuwa kanabi, wato sansanonin 'yan ƙwadago da ke cikin gonakin Jazira, da wuya ka sami gidan da ɗayansu bai taɓa shiga ba. A jikin kwali za ka ga sunan kamfani da ƙasar da aka yi shi, Indiya ko Masar ko Urdun ko Khartum. Sunan mutumin da ya fara gano tushen wannan gida ne ba za ka gani ba, kuma tarihinsa nake so in bayar yau.

Sunansa Giuseppe Brotzu. A baki ana cewa Jusefe Burotsu, kuma Jusefe ɗin nan Yusufu ne da harshensu. An haife shi ranar 24 ga Janairu 1895 a wani ƙaramin gari mai suna Gilarza, a tsakiyar tsibirin Sardiniya na ƙasar Italiya. In an ce Italiya, hankalin mutum yakan tafi Rum da manyan gine-gine, amma Sardiniyar wancan zamani wuri ne na makiyayan tumaki da talakawan manoma, kuma babu yankin ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya addaba kamarta. Fadamu sun yi yawa, ruwan sha ba tsafta, taifot yana zagayowa kamar bashi. Wanda ya tashi a bakin tur'a, wato magudanar ban-ruwa ta Jazira, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ya gama karatun likita a jami'ar Kaliyari, babban birnin tsibirin, a 1919, sannan ya ƙetara Siyena da Bolonya ya ƙaro ilmi. Fannin da ya zaɓa shi ne abin lura. Bai zama likitan fiɗa ba, bai buɗe ɗakin ganin masu kuɗi ba. Ya ɗauki ilmin tsafta da lafiyar jama'a, wato ilmin ruwa da masai da sauro da kwata. A taƙaice dai babban duba-gari ne mai digiri. Ya koyar a Modena, daga baya ya koma gida ya riƙe cibiyar nazarin tsafta ta jami'ar Kaliyari, har ya zama shugaban jami'ar baki ɗaya.

Akwai abin da bai kamata in tsallake ba a nan. Shugabancin jami'ar nan ya yi shi ne a zamanin mulkin Musolini. Tun 1931 aka tilasta wa malaman jami'o'in Italiya rantsuwar biyayya ga mulkin Fasist, kuma cikin malamai sama da 1,200, kimanin goma sha biyu ne kacal suka ƙi, suka rasa aikinsu. Burotsu ba ya cikinsu. Mu kuwa mulkin nan ba labari ne daga nesa ba: shi ya mamaye Habasha a 1935 zuwa 1936, kuma a Yulin 1940 sojojinsa suka shigo Kasala da Galabat da Kurmuk, Kurmuk ɗin nan tamu ta jihar Shuɗin Nilu. Ba zan wanke shi ba, ba kuma zan ɗora masa laifin da ban ga hannunsa a ciki ba. Mutum ne da ya zauna lafiya da gwamnatin zamaninsa don ya ci gaba da aikinsa, kuma mun san irinsa da yawa.

Yaƙin bai bar garinsa ba. A watannin Fabrairu da Mayu na 1943 jiragen ƙawance suka yi wa Kaliyari ruwan bama-bamai, mafi yawan gine-gine suka lalace, mutane suka watse ƙauyuka. Da ƙura ta lafa, aka dawo gari babu ruwan kirki, babu kuɗi, babu kayan aiki. A cikin wannan hali ne, yana ɗan shekara 50, ya yi abin da ya sa ake tunawa da shi.

Ƙazantar birnin duka, har da bayan-gidan masu taifot, tana kwarara ne kai tsaye cikin teku a wani wuri da ake kira Su Siku, kusa da tashar jiragen ruwa. Samari suna wanka a wurin. Lissafin duba-gari ya nuna ya kamata wurin ya zama matattarar annoba, amma abin bai kai yadda ake tsammani ba, kuma ruwan yakan yi kamar yana tsarkake kansa. Wani zai ce gishirin teku ne, ya wuce. Shi sai ya yi zargin akwai wata halitta a cikin ruwan da ke yaƙar ƙwayar taifot. Zargin ba daga sama ya faɗo ba, domin a lokacin duniya ta cika da labarin fenisilin, wanda shi ma daga fumfuna aka samo shi. Shi da mataimakinsa Antoniyo Sifaneda suka riƙa ɗibar ruwan bakin kwatar suna shukawa a faranti, suna gwada abin da ya tsiro a kan ƙwayoyin cuta iri-iri. A Yulin 1945 suka dace da wata fumfuna da ta hana ƙwayar taifot tsiro a kewayenta. Masana na kiranta Sefalosforiyum a wancan lokaci, kuma daga nan sunan gidan maganin ya fito.

Abin da ya biyo baya, da yau ne da an gurfanar da shi gaban kwamiti. Ya raini fumfunar a ruwan abinci, ya tace, ya sami wani ɗanyen ruwa wanda bai san ainihin abin da ke cikinsa ba. Ya riƙa zuba shi kai tsaye cikin maruru da ƙuraje masu mugunya, suka bushe. Ya ƙara tace shi ya yi allura ga masu taifot da masu zazzaɓin da muke kira maltiyya, wanda ake ɗauka daga ɗanyen nono. Allurar tana da zafi, tana tayar da zazzaɓi, amma ya ga sauƙi a jikin marasa lafiya. Ka tuna a 1945 babu wani tsayayyen maganin taifot. Fenisilin ba ya taɓa shi, kuloramfenikol kuwa sai 1948 aka fara gwada shi a kan cutar.

Nan ne ƙarfinsa ya ƙare. Raba sinadari guda daga cikin wannan ruwa aikin masana haɗa sinadarai ne masu injuna, shi kuwa ba shi da ko ɗaya. Ya nemi taimakon hukumomin ƙasarsa, ba wanda ya kula. A 1948 ya buga sakamakon da Italiyanci, 'yan shafuka kaɗan, cikin takardun cibiyarsa da ba kowa ke karantawa ba. Sai ya tuna da wani likita Bature ɗan Ingila, Blyth Brooke, wanda ya yi aikin lafiya a Sardiniya tare da sojojin ƙawance. Ta hannunsa labari ya kai hukumar binciken lafiya ta Ingila, daga can ya kai ga Howard Florey na jami'ar Oksfod, ɗaya daga cikin mutum uku da suka karɓi kyautar Nobel a 1945 saboda fenisilin. A cikin 1948 ɗin Burotsu ya aika musu da fumfunarsa.

A Oksfod aikin ya faɗa hannun mutum biyu, Edward Abraham da Guy Newton, kuma abin da suka gano shi ne ɓangaren labarin da ya fi ba ni mamaki. Ashe fumfunar ba sinadari ɗaya take fitarwa ba. Wanda ke kashe ƙwayar taifot, wato wanda Burotsu ya ga aikinsa da idonsa, da aka bincika sai aka tarar wani nau'in fenisilin ne kawai. Suna cikin tace wannan a 1953 suka lura da wani ɗan ƙwarya-ƙwaryan sinadari da ya maƙale a gefe, suka sa masa suna sefalosforin C. Ba shi da ƙarfi sosai. Amma yana da wata baiwa. A shekarun nan ƙwayar cutar da ke kawo maruru da ruɓar rauni ta koyi fitar da wani sinadari mai datse fenisilin kamar almakashi, asibitocin Turai da Amurka sun shiga uku, sai ga shi almakashin bai kama sabon sinadarin ba. Daga wannan ɗan gefen ne duk magungunan da na lissafa a sama suka fito. Ka ga ke nan Burotsu ya tsinci kaza ne saboda wani ƙwai, arzikin kuwa yana cikin wani ƙwan daban da bai san tana ɗauke da shi ba.

Sauran aikin ya ci shekaru. A 1961 aka tabbatar da sifar sinadarin, da taimakon Dorothy Hodgkin, wadda mu a Sudan muke da ɗan rabo a cikinta, tunda mahaifinta John Crowfoot ya riƙe harkar ilmi a Khartum zamanin Ingilishi. Masana kamfanin Eli Lilly na Amurka suka gano yadda za a cire reshen sinadarin a bar kututturen, a dasa masa wani reshe mai ƙarfi. A 1964 na farko ya shiga kasuwa, sefalotin, na allura. Na sha ya ɗan jinkirta, domin sai an sami wanda hanji zai iya tsotsa. Sefaleksin ne ya buɗe wannan ƙofa a ƙarshen shekarun 1960, sannan sefuroksim na sha da sefiksim suka biyo a shekarun 1980. Da maganin ya zama ƙwaya da garin da ake kaɗawa a kwalba, sai ya fita daga hannun asibiti ya shiga aljihun kowa. Alherinsa ke nan, matsalarsa ma ke nan.

Duk shekarun da ake wannan a Ingila da Amurka, Burotsu ya koma kan abin da ya sani. Daga 1946 zuwa 1950 aka yi gagarumin yaƙi da sauro a Sardiniya, da kuɗin agajin bayan yaƙi da jagorancin gidauniyar Rockefeller, kuma yana cikin 'yan ƙasa da suka tsaya wa aikin. Dubban ma'aikata suka bi fadama-fadama da gida-gida suna feshin DDT, suna yashe magudanai. Burinsu su shafe sauron baki ɗaya, ba su iya ba, har gobe yana nan. Amma cutar ta tafi. Masu zazzaɓin sun haura 75,000 a 1946, zuwa 1950 ba su kai 50 ba. A 1949 ya zama kwamishinan tsafta da lafiya na gwamnatin yankin, a 1955 ya zama shugaban yankin Sardiniya har zuwa 1958, a 1960 kuma ya zama magajin garin Kaliyari ƙarƙashin jam'iyyar Kiristoci masu ra'ayin dimokuraɗiyya, ya yi shekaru a kujerar. Ruwan famfo, magudanai, asibitoci, makarantu, su ne abin da ya sa gaba.

Mu ma mun taɓa ɗanɗana irin wannan. A 1979 aka buɗe shirin lafiya na Shuɗin Nilu, mai hedikwata a Madani, haɗin gwiwar gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya, don yaƙar zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da gudawa a Jazira da Manakil da Rahad. Dattawa suna tuna masu feshi da masu zuba magani a tur'a. Zazzaɓi ya sauka ƙasa sosai. Da shirin ya ƙare bayan kimanin shekara goma, kuɗi suka yanke, cikin 'yan shekaru cutar ta dawo da ƙarfinta. Sardiniya tsibiri ce, kuma bayan feshi an bi da gini. Mu namu an yi feshi, ginin ne ba a kammala ba.

Na yi shekaru ina aiki bayan kanta a wata saidaliyya a yankin Sinnar, don haka na san yadda jikokin fumfunar Burotsu suke rayuwa a hannunmu. Mutum zai yi kwana biyu da zazzaɓi, ya je a ɗebi jini, a ce masa maleriya da taifot, kullum su biyu kamar tagwaye. Gwajin taifot ɗin nan da ake yi, na Widal, wani likitan Faransa ne ya ƙirƙiro shi a 1896, Burotsu yana goye. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamar da jini ya ajiye yake gani, don haka yakan nuna akwai a jikin wanda ya warke tun bara, ko wanda maleriya ce kawai ke damunsa. Tabbacin taifot sai an shuka jini a kwalba an ga ƙwayar ta tsiro, kuma ƙauye nawa ne ke da wannan? Daga nan sai a rubuta sefiksim ko allura. Wani ma ba ya zuwa gwajin, zai zo ne da tsohon kwali ya ce Malam ba ni irin wannan, amma na kwana biyu, kuɗin ke nan.

Yadda maganin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Ƙwayar bakteriya tana da katanga da ta kewaye ta, kuma kullum cikin gini take. Sefalosforin yana kama magina ne ya ɗaure, katanga ta tsage, ƙwayar ta fashe. Jikin ɗan Adam ba shi da irin wannan katanga, shi ya sa maganin bai cika cutar da mu ba, sai dai wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin ya wajaba ya faɗa kafin a ba shi. To ƙwayar maleriya ma ba ta da katangar. Ƙwayar mura ma haka. Wanda ya sha sefiksim don mura, bai taɓa murar ba ko kaɗan, ya dai horar da ƙwayoyin da ke zaune a hanjinsa.

Kuma 'yan gidan ba aikinsu ɗaya ba, nan ne mutane suka fi ruɗewa. Ana ɗauka mai tsada shi ne mai ƙarfi. Sefaleksin, tsohon nan mai araha, shi ne gwanin maruru da ciwon fata da kumburin nonon mai shayarwa, amma ba ya maganin taifot. Sefiksim yana iya taifot da wasu cututtukan mafitsara, amma a kan ƙwayar maruru rago ne. Sau da yawa na ga an sayi sefiksim da tsada don ƙurjin yaro, alhali na arahan ne zai yi aikin. Ko a taifot na gaskiya, zazzaɓin yakan ɗauki kwanaki kafin ya sauka, kuma shan yakan kai mako ɗaya zuwa biyu, don haka na kwana biyu ba magani ba ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa irin waɗannan magunguna gida uku: waɗanda za a fara da su, waɗanda za a sa wa ido, da na ajiya don ranar da komai ya ƙi. Sefaleksin yana gidan farko. Sefiksim da seftiriyakson suna na biyu, amma a kasuwanninmu su ne a gaba.

Inda wannan hanya take kaiwa an riga an gani. A Nuwamban 2016, a birnin Haidarabad na lardin Sind a Pakistan, aka fara ganin taifot da ya bijire wa tsofaffin magunguna duka, har da seftiriyakson, kuma yawancin waɗanda ya kama yara ne. Da aka bi sawu, sai aka tarar ruwan masai ne ke shiga bututun ruwan sha. Wato shekara 71 bayan Su Siku, kwata ta karɓe abin da ta bayar. Sai da ƙasar ta shigar da sabuwar allurar rigakafin taifot cikin rigakafin yara a 2019. Ciwon sanyi ma ya bi wannan layi, tun 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sauke sefiksim daga matsayin maganinsa na farko.

Halin da muke ciki ya fi kama da Kaliyarin 1943 fiye da kowane lokaci. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ci Madani a Disambar shekarar, ya iso Sinja a ƙarshen Yunin 2024. Asibitoci suka rufe, ma'aikatan lafiya suka watse, tashoshin ruwa suka tsaya saboda babu wuta babu mai, mutane suka koma shan kogi da tur'a, kwalara ta biyo baya. A irin wannan hali ban ga laifin uwar da ta sayi rabin magani a tebur ba, ba ta da wani zaɓi. Sojoji sun koma Sinja a Nuwamban 2024, Madani a Janairun 2025, mutane suna dawowa gida. Ina jin ana ta maganar kawo kwalayen magani, kuma ana bukatarsu. Amma in da Burotsu za a tambaya, a ganina tashar ruwa zai fara zuwa dubawa.

Shi kansa bai yi arziki da abin da ya gano ba. Haƙƙin mallakar sefalosforin C a Ingila aka yi masa rajista, kuɗi masu yawa suka shiga can. Wasu 'yan Italiya har yau suna ganin an yi musu ƙwace. Ni ban ga ƙwace ba. Da hannunsa ya aika, bayan nasa sun juya masa baya, kuma sinadarin da ya kawo kuɗin wasu ne suka sha wahalar shekaru kafin su fito da shi. Abraham ma bai cinye rabonsa ba, ya zuba mafi yawansa a gidauniyoyin bincike, waɗanda zuwa ƙarshen ƙarnin suka ba jami'ar Oksfod sama da fam miliyan 30. Asarar ta Italiya ce, ita ta ƙi sauraron ɗanta. A 1971 Oksfod ta gayyace shi ta ba shi digirin girmamawa, yana ɗan shekara 76.

A gida kuwa, ana ba da labarin cewa mutanen Kaliyari sun ɗauke shi mai kambun baka. Dogo ne, siriri, mai yawan sa baƙaƙen kaya, ba ya yawan fara'a, sai aka riƙa tsoron haɗuwa da shi a hanya, wasu ma ba sa son kama sunansa. Allah Sarki, mutumin da ya taimaka aka raba su da zazzaɓi. Duk da haka sun zaɓe shi ya shugabance su.

Ya rasu a Kaliyari ranar 8 ga Afrilu 1976, yana da shekara 81. Babban asibitin birnin, wanda ya fi kowane girma a tsibirin, sunansa yake ɗauke da shi yanzu.